RA'AYI: Kama da wane ba wane ba: Kaluluwa da gwajin da ya kamata ya kusanci mutanen Mayo Gwoi

Kaluluwa na cikin abubuwan da Bahaushe ya fahimta tun kafin zuwan asibiti. Ya lura cewa idan mutum ya yi tuntuɓe yatsarsa ta rure, ba a jimawa wani ƙullutu zai fito masa a matsematsi. Idan haƙori ya yi kogo ko maƙogwaro ya yi miki, ƙullutun kan bayyana a ƙarƙashin haɓa. Idan kuma yaro ya yi ƙuraje ko makero a ka, sai a shafo 'yan ƙwallaye a ƙeyarsa. Ya kuma san cewa da zarar ciwon ya warke kaluluwar za ta sace. Wannan lura daidai take, kimiyyar zamani ma bayani kawai ta ƙara mata.

Matsalar tana farawa ne daga kaluluwar da ta ƙi sacewa, wadda ta yi wata guda ta shiga na biyu, tana ƙara girma a gefen wuya ba tare da wani miki da za a ɗora wa laifi ba. A nan ilimin gida ke ƙarewa, zato ya karɓi ragama. Wani zai ce daji ne, gida ya shiga jimami tun mai ciwon yana tafe da ƙafarsa. Wani zai ce maruru ne da bai nuna ba, a kira wanzami. A ƙaramin asibitin da babu abin gwaji kuwa, sau da yawa akan ce wataƙila tarin fuka ne, a fara magani a ga abin da hali zai yi. Kowane daga cikinsu yana iya dacewa, yana kuma iya yin kuskure, domin yatsa ba ta bambance waɗannan cututtuka da tabbaci, ko da ta ƙwararren likita ce. Abin da ke bambancewa shi ne a ɗebo ɗan abin da ke cikin ƙullutun, a duba shi a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu.

Wannan gwaji ba ya cikin abubuwan da ake yanka wa ƙyalle a gaban 'yan jarida, shi ya sa yakan faɗo a ƙarshen jeri idan ana rabon kuɗin lafiya. Ya kamata masu tsara kasafi da masu rubuta wa shugabanni takardun shawara su ɗauko shi daga can su kawo shi gaba. Ma'aunin da ya dace a auna nasarar hakan da shi kuwa shi ne wuri irin Mayo Gwoi, mazaɓar da ke cikin garin Jalingo, wadda ta ci sunan kogin da ke yankin. Mutumin Mayo Gwoi yana gari ɗaya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Jalingo da kuma Asibitin Ƙwararru na Jihar Taraba. Idan har shi zai yi watanni bai san sunan abin da ke wuyansa ba, to sai a ƙiyasta halin mutumin Gembu da ke kan tsaunin Mambila, ko na Karim Lamido da ke ƙetaren Kogin Binuwai.

Abin da ke faruwa a cikin ƙullutun

Kaluluwa gaɓa ce da aka haifi kowa da ita, ciwo kumbura ta kawai yake yi har a ji ta. A jikin ɗan Adam akwai ɗaruruwansu, ana ƙiyasta su kusan 600, yawancinsu ba su wuce ƙwayar wake ba. Suna jere a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ƙirji da ciki. Baya ga jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe farin ruwan da ke tsatsowa daga jini zuwa cikin tsoka, su mayar da shi cikin jini ta wajen gindin wuya. A kan waɗannan hanyoyi aka dasa kaluluwa, tamkar shingayen bincike a kan babban titi. Duk abin da ya shiga jiki ta miki a ƙafa sai ya bi ta shingen matsematsi, abin da ya shiga ta baki ko ta fatar kai kuma ya bi ta na wuya.

Masu tsaron shingen ƙwayoyin halitta ne na garkuwar jiki, kowane rukuni da aikinsa. Akwai masu haɗiya, waɗanda likitoci ke kira makarofaj, aikinsu cinye ƙwayoyin cuta da tarkacen da ruwan ya kwaso. Masanin ƙasar Rasha Ilya Mechnikov ne ya fara bayyana wannan ɗabi'a ta haɗiya a 1882, ya kuma samu kyautar Nobel a 1908. Akwai masu rassa, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973 a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka. Su ne 'yan rahoto: suna zaune a fata da sauran mashigan jiki, idan suka kama baƙo sai su gutsuri wani ɓangare nasa su yi tattaki zuwa kaluluwa mafi kusa su gabatar da shi. Waɗanda ake gabatarwa gare su kuwa fararen ƙwayoyin jini ne iri biyu, masu lakabin T da masu lakabin B.

Kowace ƙwayar T ko B siffa ɗaya tak ta iya ganewa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Cikin dubbai masu yawa, ƙalilan ne za su dace da baƙon da aka kawo. Domin a samo su, kaluluwa takan buɗe ƙofar shiga ta rage ta fita na ɗan lokaci, jini ya ƙara kwararowa, fararen ƙwayoyi su yi cincirindo. Waɗanda suka dace sai su shiga hayayyafa. Ƙwayoyin B kan taru a wasu ƙananan da'irori, suna rabuwa gida biyu duk bayan 'yan sa'o'i, suna kuma sassauya tsarin makamin da suke ƙerawa. Wanda makaminsa ya fi kama cutar shi ake bari, sauran su mutu masu haɗiya su share gawarwakinsu. Waɗanda suka tsira ne ke zuba sinadaran kariya a cikin jini, wasu kuma su zauna a matsayin masu tuni, ko da cutar za ta dawo bayan shekaru.

Wannan cinkoso shi ne kumburin da ake gani. Zafin da ake ji idan an taɓa kuwa daga tantanin da ya lulluɓe kaluluwar yake, saboda an miƙe shi da sauri. Idan yaƙi ya ƙare, rarar dakarun sukan mutu bisa tsari, ƙullutun ya koma yadda yake. Saboda haka mafi yawan kaluluwa, musamman a yara, shaida ce ta cewa garkuwar jiki tana kan aikinta.

Bambancin wannan da daji a bayyane yake ga wanda ya iya karanta madubi. A kumburin garkuwa ana ganin zuri'o'i daban-daban na ƙwayoyi, kowa a unguwarsa, tsarin ginin yana nan, hayayyafar kuma tana da ranar tsayawa. A dajin kaluluwa, wanda ake kira limfoma, zuri'ar ƙwaya ɗaya ce da ta lalace take mamaye wurin, ta rushe tsarin, ba ta kuma san tsayawa ba. Abin lura shi ne wasu nau'o'in limfoma daga waɗancan da'irori na ƙwayoyin B suke fitowa, idan aka samu kuskure a wajen sassauya tsarin makami. Kariya da cuta daga tsatso ɗaya suke, shi ya sa suke kama da juna daga waje.

Kumburin da ke kama da daji

Babban mai shigar burtu a wannan yanki shi ne tarin fuka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ɗauke da cutar, kuma kaluluwa na cikin wuraren da ta fi zama idan ta bar huhu. Ƙwayar tarin fuka tana da wata riga mai maiƙo da ke hana masu haɗiya narkar da ita bayan sun haɗiye ta. Ganin haka, sai garkuwar jiki ta koma ga dabarar ƙawanya: ƙwayoyin T su kira ƙarin masu haɗiya, wasu su narke cikin juna su zama ƙattai masu cibiyoyi da yawa, a gina katanga a kewaye cutar. Tsakiyar katangar takan mutu ta zama fari-fari kamar cuku. A waje, ana jin ƙwallaye da dama sun manne da juna, babu zafi sosai, daga baya su yi laushi su fashe, su yi ta zubar da ruwa tsawon watanni su bar tabo. Mai irin wannan ciwo yana iya kasancewa ba ya tari ko kaɗan, don haka sunan cutar da kansa yakan ɓatar da dangi. A yanki mai arzikin shanu irin Taraba akwai ƙarin hanya, domin nau'in cutar da ke kama shanu yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, kuma kaluluwar wuya na cikin wuraren da yake sauka.

Turawa ma sun yi nasu zamanin na camfi a kan wannan ciwo. A Ingila da Faransa an yi ƙarnoni ana imani da cewa shafar hannun sarki tana warkar da shi. Sarki Charles na Biyu na Ingila kaɗai ya shafi mutane fiye da 90,000, al'adar kuma ba ta mutu a can ba sai da rasuwar Sarauniya Anne a 1714. Da yawa daga cikin waɗanda aka shafa sun samu sauƙi, domin wannan kumburi yakan lafa da kansa ya sake tashi, wasu kuma tun asali kaluluwar garkuwa ce ke gare su. Yabon sai ya tafi ga sarki. Sai a ranar 24 ga Maris, 1882, Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya ga ƙwayar cutar da madubi. Wannan tarihi yana bayyana dalilin da ya sa kowane mai magani a kasuwa yake da shaidun da za su rantse ya warkar da su. Ciwon da ke tafiya da kansa yakan bar wa wanda ya taɓa shi a ƙarshe suna.

Akwai wasu dalilan da suka shafi Taraba kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 kan cuta mai karya garkuwar jiki ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, Taraba kuma na cikin jihohin da suka zarce wannan matsakaici. Cutar takan kumbura kaluluwa a wurare da dama lokaci guda tsawon watanni, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka da limfoma duka biyu. A yankunan Bali da Gashaka, inda aka daɗe ana fama da cutar makanta da baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, tsutsar cutar kan jawo daɗaɗɗen kumburi a kaluluwar matsematsi har fatar wurin ta saki ta yi reto. Jarirai kuma, bayan allurar BCG da ake yi musu a damtsen hagu, wasu ƙalilan kan samu ƙullutu a hammatar wannan ɓangare. Yawanci yana bajewa da kansa, amma uwar da ba a yi wa bayani ba tana iya ƙaurace wa sauran alluran rigakafi saboda shi.

Sai kuma rukunin da ba a cika gani ba, wanda shi ya fi rikita likitoci. A 1969 Juan Rosai da Ronald Dorfman suka bayyana wani ciwo da ke kumbura kaluluwar wuya ɓangare biyu, ta yi girma ƙwarai ba tare da zafi ba, galibi a yara da matasa, kuma an fi samunsa a tsakanin masu asali da Afirka. A madubi ana ganin masu haɗiya sun cika magudanan kaluluwar, ɗauke da fararen ƙwayoyin jini a cikinsu da ransu. Da yawa daga cikin masu shi sukan warke ba tare da wani magani mai ƙarfi ba. A 1972 likitocin Japan biyu, Kikuchi da Fujimoto, kowa a nasa ɓangare, suka bayyana wani da ya fi kama matasa, mata musamman, da zazzaɓi da kaluluwar wuya mai zafi, wanda kan wuce da kansa cikin 'yan watanni. A 1988 kuma aka siffanta wanda ake kira ƙarin bogi na kumburi, inda ƙwayoyin da ke saƙa tabo, da ƙananan jijiyoyin jini, da ƙwayoyin garkuwa suke yaɗuwa a jikin tantani da ginshiƙan kaluluwa har ta taurare kamar daji. A wasu lokuta an gano tunjere ne a ƙarƙashinsa, cutar da allurar fenisilin ke kashewa.

Duk waɗannan, mai tsanani da mai sauƙi, abu ɗaya suke nunawa a fili: ƙullutu a ƙarƙashin fata. Nazarce-nazarcen da aka yi kan tsokar kaluluwa a asibitocin koyarwa na Arewa, irin su Kano da Zariya da Maiduguri, sun sha nuna cewa tarin fuka, da kumburin garkuwa, da limfoma, da dajin da ya yaɗo daga wata gaɓa, su ne ke raba yawancin sakamakon a tsakaninsu. Babu ɗaya daga ciki da ya rinjayi sauran har a ce a rufe ido a yi masa magani.

Farashin harbi a duhu

Kuskuren yana cin mutum ta fuska biyu. Wanda ke da kumburin da zai wuce da kansa, idan aka ɗora shi kan maganin tarin fuka, zai yi wata shida yana shan ƙwayoyi, huɗu a watanni biyun farko, waɗanda wasunsu ke iya taɓa hanta. Zai kuma ɗauki tsangwamar da ke biyo bayan sunan cutar a gidan aure ko a wurin aiki. Wanda kuma ke da limfoma aka yi masa wannan kuskure, asararsa ta fi girma, domin watannin da ya yi yana jiran magani ya kama su ne watannin da dajin ke buƙata ya bazu. Limfomar Hodgkin, wadda aka fara bayyanawa a 1832, tana cikin cututtukan daji da aka fi samun nasarar warkarwa idan an gano su da wuri. Haka ma wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama muƙamuƙi da cikin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro. Tana girma cikin kwanaki, amma tana jin magani ƙwarai idan an fara a kan lokaci.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lissafin. Kaluluwar tarin fuka ta gaskiya ma takan ƙara kumbura bayan an fara magani, saboda garkuwar jiki ta farfaɗo ta afka wa gawarwakin ƙwayoyin cutar. Likitan da ya fara magani da tabbacin gwaji zai kwantar wa mara lafiya hankali su ci gaba. Wanda ya fara da zato kuwa ba shi da hanyar sanin ko maganin ne ke aiki ko tun farko ya saɓa lamba.

Kantin magani na unguwa ma yana da nasa kaso. Magungunan rage kumburi irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake sayarwa barkatai, suna iya sa limfoma ta motse na ɗan lokaci, dangi su yi murna, alhali sun ɓata hoton da likita zai gani a madubi. Idan kuma tarin fuka ne, raunana garkuwa suke yi cutar ta samu sarari. Ciprofloxacin da danginsa sukan danne ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba, su jinkirta ganowa. Sakiya da tsaga kuwa, idan aka yi su a kan kaluluwar tarin fuka, sukan bar ƙofar da ba ta rufuwa, ban da haɗarin shigar wata cutar ta bakin aska.

Allura, gilashi da mai karantawa

Masu kula da asusun gwamnati za su iya cewa kuɗin lafiya bai isa a yi wa kowane ƙullutu gwaji ba, tunda yawancinsu bajewa suke yi. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu mai neman a yi hakan. Ilimin likitanci ya riga ya tace waɗanda ke buƙatar a bi su: kaluluwar da ta wuce makonni huɗu ba ta ragu ba, ko take ƙara girma, ko ta taurare ta manne ba ta motsi, ko ta fito a ramin da ke saman ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa, ko ta zo tare da rama, da gumin dare, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya haddace wannan a zama ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne wurin da zai tura mutum da tabbacin za a samu amsa.

Matakin farko na gwajin ba ya buƙatar ɗakin tiyata. Siririyar allura ake sokawa a zuƙo ɗan abin da ke ciki, a shafa wani a kan gilashi a rina shi, a saka wani a na'urar GeneXpert. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan na'ura a 2010, a 2013 kuma ta faɗaɗa shawararta ta haɗa da samfurin kaluluwa. Cikin kimanin sa'a biyu takan nuna ko akwai tarin fuka, da kuma ko ƙwayar tana bijire wa rifampicin. Najeriya ta riga ta baza waɗannan na'urori a jihohi ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, amma kaki aka fi kai musu. Idan allura ba ta warware ba, musamman inda ake zargin limfoma, sai a ciro kaluluwar ɗungurungum da ƙaramin aiki, a jefa ta a ruwan fomalin, a yayyanka ta siri-siri a duba tsarin gininta.

Ƙarshen wannan sarƙa mutum ne: likitan da ya ƙware a karanta tsoka. Nan ne giɓin yake. Rahotannin da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2018 sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan likita ɗaya ne irin wannan ga mutum miliyan ɗaya. Kwamitin da mujallar ta kafa kan gwaje-gwaje ya bayyana a 2021 cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba su da cikakkiyar hanyar samun gwajin gano cuta. A Najeriya ƙwararrun sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa, guguwar ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje kuma ba ta tsallake su ba.

Abin da ke hannun Abuja

Dokokin da ake buƙata suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ta kuma tanadi asusun masu rauni. A 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan ƙarfafa gwaje-gwaje. A birnin Abuja ne ma shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, alƙawarin da Najeriya ba ta cika ba har yau. Abin da ya rage shi ne aikin da ke kan teburin daraktoci da mataimaka na musamman, kuma ana iya fayyace shi.

Na farko, samfuri ya yi tafiya a madadin mara lafiya. Tsarin da ke ɗaukar kaki a kan babur daga ƙananan asibitoci zuwa inda GeneXpert take zai iya ɗaukar gilashi da kwalbar fomalin. Tsokar da ke cikin fomalin ba ta buƙatar firji, tana jure tafiya daga Takum ko Zing zuwa Jalingo, daga nan idan ta kama zuwa Yola ko Gwambe ko Jos. Kuɗin motar mara lafiya da ɗan rakiya, da kwana a baƙon gari, sun ninka kuɗin aika kwalba.

Na biyu, a sanya wa sakamako wa'adi, a kuma mayar da shi abin da ake tambaya. Duk asibitin tarayya da ya zo kare kasafinsa a gaban ma'aikata ko kwamitin majalisa, a tambaye shi samfuri nawa ya karɓa a bara, kwana nawa sakamako ke ɗauka, sau nawa aiki ya tsaya saboda ƙarewar sinadari ko lalacewar na'ura. Abin da ake tambaya a kansa shi ake gyarawa.

Na uku, kuɗin gwajin tsoka ya shiga cikin abin da inshora da asusun masu rauni ke biya a aikace. Maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya, gwajin tsoka kuwa galibi daga aljihu ake biya. Muddin zato kyauta ne tabbaci kuma na kuɗi, talaka da likitansa za su ci gaba da zaɓar zato, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Na huɗu, a ware guraben horo da alawus na musamman ga likitocin tsoka da masana kimiyyar ɗakin gwaji da suka yarda su zauna a jihohi irin Taraba. Kafin su wadata, ana iya ɗaukar hoton gilashi a aika ta intanet ga ƙwararre a Zariya ko Abuja ya ba da ra'ayi. Gwamnati tana zuba kuɗi masu yawa a manyan cibiyoyin maganin daji, wannan kuma abin yabo ne. Sai dai na'urar gashi ba ta amfanar wanda ba a gano ciwonsa ba sai bayan ya gama bazuwa.

Na biyar, wayar da kai ta tafi da harshen mutane. Jalingo gari ne na Hausa da Fulatanci da Mumuye da Kona da sauransu, rediyo kuma yana shiga kowane gida. Saƙon gajere ne: kaluluwar da ta biyo miki a yi maganin mikin, wadda ta wuce wata guda a kai ta asibiti kafin a sha mata komai ko a sa mata aska. Wanzamai da masu kantin magani su ne farkon waɗanda ake nuna wa ƙullutu, saboda haka jawo su a koya musu alamomin haɗari ya fi amfani a kan yi musu barazana.

Ma'aikacin tarayya da ya shafo ƙullutu a wuyan ɗansa a Abuja yana da katin inshora, yana da Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, yana kuma da lambar wayar wani likita. Cikin 'yan kwanaki zai san ko ya kwanta da daɗi ko ya ɗaura ɗamara. Wannan sani shi ne haƙƙin da ake nema wa mazauna Mayo Gwoi da na dukkan ƙananan hukumomi 16 na Taraba. Mafi yawansu albishir za a yi musu cewa garkuwar jikinsu ce ke aiki, su koma gona da kasuwa. Ƙalilan ɗin da labarinsu ya sha bamban kuma za su same shi a lokacin da magani ke da amfani. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kuma ba masu riƙe da alƙalamin kasafi ikon sauke nauyin da ke kansu.